Tiyar Mantau

Ran da muka raba gadon Baba a Gozaki,
ba a kira alƙali ba, ba a ɗaga murya ba.
Tabarma ɗaya ta ɗauke dukiyar kakaf,
har da sauran wuri ga masu zuwa gaisuwa.

Sila ya ɗau keke mai birki ɗaure da waya,
gonar bakin rafi ta faɗa wa Barnaba.
Ni Damaris, auta, aka turo min tiya,
bakinta ya sha hannu har yana ƙyalli,
sai Littafin Allah cikin tsumman zanen Inna,
an ɗinke bangonsa da zaren buhu.
Na karɓa, zuciyata tana tafarfasawa.

Sunansa Mantau.
Ran baftisma aka ce masa Nehemiya,
amma tsohon sunan ya bi shi har kasuwa.
Bai taɓa mance fuskar mai jin yunwa ba,
bashin da yake bi kaɗai yake mantawa.

Shekara talatin yana awo a Kafur.
Wasu kan bugi gindin tiya da dutse,
ta tsuke ciki, ido bai gani ba.
Shi kan ce, “Auta, Yesu na cikin masu saye,
ban san wanne ne shi ba a masu miƙo buhu.
In na ƙware shi, da wane baki zan yi waƙa ran Lahadi?”
Sai ya cika ta yi tozo, har tana zubowa.

Kafin zakara ya yi cara nakan ji shi
durƙushe bayan rumbu, yana jero mu:
Sila, Barnaba, ni,
sannan ya ce, “Da waɗanda ban gani ba tukuna.”
Ina dariya cikin bargo,
wa ke roƙo domin wanda ba a ko haifa ba?
Ashe rijiya yake haƙa wa masu tahowa.

Kwana tara da binne shi,
Malam Ɗan’azumi ya iso da jaki da mangala.
Ya ce, “Shekarar da ruwa ya ɗauke kan gero,
tiya goma sha biyu ya auna min, ban biya ba.”
Muka buɗe ɗan littafin bashi:
ga sunan, an ja masa layi,
a gefe ƙaramin gicciye da fensir,
ƙarƙashi an rubuta, An biya.
Malam ya ce, “Wa ya biya?”
Ba wanda ya amsa.
Ya zauna ƙasa, ya rufe fuska da hannun riga,
jakin na can yana cin karan danga,
ba wanda ya tuna da korewa.

Yau ni ke awo a Malumfashi.
Masara ta yi tsada, riba ta yi ƙafa,
ga takardar kuɗin makaranta a ƙarƙashin filo.
Wani dare na kifa tiyar a tsakar gida,
na ɗauko dutse, na ɗaga hannu.
Sai Timoti daga bakin ƙofa:
“Mama, me tiyar Kaka ta yi?”
Na ce, “Ba ta yi kome ba, ɗana. Ni ce.”
Dutsen yana nan, shi ke tokare ƙyauren kaji,
kullum da safe muna gaisawa.

Keken Sila ya mutu tun bara waccan,
rafi ya cinye rabin gonar Barnaba.
Tiyar tana nan da cikinta yadda aka ƙera ta.
Ran Asabar Timoti ke riƙe ta,
ina ce masa, ƙara, kada ka share tozon,
yana ƙarawa yana ƙunƙuni, kamar ni a da.

Da asuba kuwa, ni ce durƙushe gefen buhuna.
Na kira Timoti, na kira Rahila,
na yi shiru kaɗan,
sannan na ce, da waɗanda ban gani ba tukuna.
Daga ɗaki na ji wata ’yar dariya cikin bargo.
Na bar shi. Zai gane in ya kai ga aunawa.